YOGA: YADDA AKE DAIDAITA JIKI KO DA KWANKWASO DA KAFAƊU SUN SANDARE



Duk wanda ya taɓa yini a gona yana noman duƙe ya san halin da kwankwaso ke shiga idan rana ta faɗi. Mutum ya so ya miƙe, ƙugu ya ƙi, sai ya dafa ƙotar hauya ya tashi sannu-sannu kamar tsoho. Haka ma macen da ta yi sussuka, ta yi surfe, ta kuma ja ruwa a rijiya mai zurfi: da dare kafaɗunta ba su barinta ta kwanta ta gefe.

A ƴan shekarun nan matasa da dama suna ganin hotunan wani irin motsa jiki a cikin salula da talabijin, wanda ake kira yoga. Sukan ga mutum ya naɗe ƙafafunsa kamar igiya, ko ya duƙa har goshinsa ya taɓa ƙwaurinsa, kuma su ji an ce wannan yana maganin ciwon baya. Sai waɗansu su shimfiɗa tabarma su ce sai sun yi yadda na cikin hoton ya yi. To, a nan haɗarin yake. Jikin da ya sandare, idan aka tilasta masa, gwiwa ko ƙashin baya ke ɗaukar raunin. Ruwan shuka kuwa ba ya jiran mai targaɗe. Manomin da ya kwanta mako 3 a farkon damina, asarar tana bin sa har kaka.

Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana mene ne yoga, da yadda malamanta suke koya wa mai sandararren jiki ya yi ta ba tare da ya cuci kansa ba.

ASALIN YOGA

Yoga daga ƙasar Indiya ta fito. Kalmar ta tsohon harshensu ce da ake kira Sanskirit, kuma tushenta yana nufin haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun noma 2 a karkiya ɗaya. A da can, abin da aka fi sani da wannan suna shi ne zaman natsuwa da tsare numfashi, a cikin ibadun mabiya addinin Hindu da na Buda. Yawancin tsayuwa da lanƙwasar da ake gani yau an tsara su ne a ƙarni na 20. Babban malamin da ya yi wannan aiki shi ne Tirumalai Krishnamacharya, wanda aka haifa a 1888, ya rasu a 1989. Ya koyar a fadar sarkin Maisur, a kudancin Indiya, cikin shekarun 1930.

Ranar 11 ga watan Disamba 2014, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 21 ga watan Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, aka kuma fara bikin a 2015. A 2016 hukumar UNESCO ta sa yoga cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Mai karatu zai iya tambaya: to, ina matsayin Musulmi? Malaman waɗansu ƙasashe sun duba wannan magana. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yin yogar da aka haɗa da kirari da addu'o'in Hindu. A 2009 majalisar malamai ta ƙasar Indunusiya ta yi irin wannan hani, amma ta bar wadda ake yi don motsa jiki kawai. A 2017 ƙasar Saudiyya ta sa koyar da yoga cikin jerin wasannin motsa jiki. Abin da muke bayani a nan miƙa gaɓoɓi ne da numfashi, babu kirari, babu bauta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa.

MALAMIN DA YA SHIGO DA TUBALI DA ƊAMARA

Cikin almajiran Krishnamacharya akwai ƙanen matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a ƙauyen Bellur a 1918. Yaro ne mai yawan laulayi: ya sha zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da tarin fuka. Lokacin da ya fara koyo yana ɗan shekara 15, jikinsa a sandare yake. A 1937 aka tura shi birnin Pune ya koyar, a can ya zauna har rasuwarsa a 2014 yana da shekara 95. Littafinsa na 1966 yana ɗauke da motsi kusan 200 da hotuna kusan 600, kuma a 1975 ya buɗe makarantarsa a Pune.

Masu zuwa wurinsa ba duka ne matasa masu laushin jiki ba. Akwai tsofaffi, da marasa lafiya, da ma'aikatan da kujera ta sandarar. Sai ya riƙa amfani da guntun katako mai siffar tubali, da ɗamara, da bargo, da kujera, da igiyar da aka ɗaura a bango. Dabarar ita ce: idan hannu bai kai ƙasa ba, a ɗago masa ƙasar da tubali. Idan hannu bai kai ɗan'uwansa ba, a ƙara masa tsawo da ɗamara. Ta haka mutum ke tsare daidaiton ƙasusuwansa, tsokar da ta sage kuma tana saki a hankali.

Wannan daidaito shi ne ginshiƙin darasinmu. Magini ya san cewa rumbun da aka dasa a kan karkatattun duwatsu ba ya jimrin nauyin hatsi, komai kyawun yaɓensa. Jiki ma haka yake. Gara a tsaya rabin hanya ƙasusuwa na kan layinsu, da a kai ƙarshe a karkace.

YADDA KWANKWASO DA KAFAƊA SUKE

Mahaɗar kwankwaso tana kama da taɓarya cikin turmi. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin rami mai zurfi a ƙashin ƙugu, manyan jijiyoyi sun ɗaure shi. Yana juyawa gaba, da baya, da gefe, kuma yana iya ɗaukar nauyin jiki duka har da na buhun da ke bisa kai.

Mahaɗar kafaɗa ta bambanta. Raminta ba shi da zurfi, kamar a ɗora lemo a kan ƙaramin faifai. Shi ya sa babu gaɓar da ta kai ta walwala a jikin mutum, babu kuma babbar gaɓar da ta kai ta saurin gocewa. Tsokoki 4 ne suka kewaye ta suna riƙe da kan ƙashin. Idan mutum ya ɗaga hannu sama, kusan kashi 2 cikin 3 na motsin daga mahaɗar yake fitowa, sauran kashi 1 kuma daga allon kafaɗa, wanda ke zamewa a bisa haƙarƙari. Idan gadon baya ya ranƙwafa, allon ba ya samun hanya, hannu kuma ba ya kai wa sama.

Tsakanin waɗannan akwai ƙashin baya. Ƙasusuwansa masu motsi 24 ne: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a tsatso. A tsakanin kowane 2, ban da na can saman wuya, akwai wani faifan guringuntsi mai taushi da ke aikin gammo. Gwiwa kuwa kamar ƙyauren ɗaki take: tana buɗewa, tana rufewa, amma murɗawarta kaɗan ce ƙwarai.

ME KE SA SU SANDARE?

Jiki yana sabawa da halin da aka fi ajiye shi a ciki. Mai noman duƙe yana yini kwankwasonsa a lanƙwashe, bayansa a ranƙwafe. Mai hauyar tsaye yana turawa da kafaɗu, galibi ta gefe ɗaya. Mai daka da mai jan guga suna maimaita motsi guda sau ɗaruruwa, har tsokar ƙirji da ta gaban kafaɗa su yi tauri, su janyo kafaɗun gaba. Tela, da direba, da ɗan kabu-kabu, da ma'aikacin ofis suna yini a zaune, sai tsokar gaban kwankwaso da ta bayan cinya su sage.

Mutanen karkara suna da wata riba da ba su sani ba. Wanda ya tashi yana tsugunno, yana zama a tabarma, sau da yawa kwankwasonsa ya fi na mai zaman kujera buɗewa. Kada a yar da wannan gado. Amma iya tsugunno ba ya nufin gaban kwankwaso da kafaɗu ma a sake suke.

Akwai kuma abin da ya kamata kowa ya sani: ba dukan tauri ne daga tsoka ba. Zurfin ramin kwankwaso da yadda kan ƙashin cinya ya fuskanta sun bambanta daga mutum zuwa mutum, tun daga halitta. Idan ana jin ja a tsakiyar tsoka, wannan yana iya saki da sannu. Idan kuwa ana jin kamar abu ya toshe, ko ya matse a matsematsi ko a saman kafaɗa, to, mai yiwuwa ƙashi ne ya haɗu da ƙashi, ko ya danne nama. Wannan ba ya jin lallashi, balle ƙarfi. Sai a canza hanya.

BASHIN DA MAƘWABTA KE BIYA

Idan gaɓa ɗaya ta ƙi motsi, jiki yakan karɓi bashi daga maƙwabciyarta. Ga misalai 3 da malaman yoga suka fi gani.

Na farko, zaman da ake kira Padmasana, watau zaman furen bado, inda ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya gefen. Wannan zama yana bukatar ƙashin cinya ya juya waje ƙwarai a cikin raminsa. Idan kwankwaso ya ƙi juyawa, mutum kuma ya kama ƙafa ya ja da ƙarfi, murɗawar sai ta sauka a gwiwa. Guringuntsin cikin gwiwa yana iya tsagewa, kuma ba shi da saurin warkewa, don jinin da ke isa gare shi kaɗan ne.

Na biyu, duƙawa a taɓa ƙasa gwiwoyi a miƙe. Tsokar bayan cinya a ƙashin mazaunai take kafe. Idan ta sage, takan hana ƙugu kifuwa gaba. Sai tsatso ya lanƙwashe shi kaɗai, nauyi ya taru a kan faifan guringuntsin nan.

Na uku, ɗaga hannuwa sama. Idan kafaɗu sun ƙi, mutum yakan banƙare, ya turo haƙarƙari gaba, ya ɗage kafaɗu zuwa kunnuwa. A ido kamar hannun ya kai, alhali tsatso da wuya ne suka biya.

ƘA'IDODI 6 KAFIN A FARA

1. A ɗumama jiki tukuna, da tafiya ta minti 5 zuwa 10. Da hunturu a ƙara. Kada a yi duƙawa mai zurfi da tashi daga barci, don a lokacin faifan ƙashin baya yana cike da ruwa, ya fi saurin jin rauni.

2. A fara daga ƙasa. A daidaita tafin ƙafa, sannan gwiwa, sannan ƙugu, sannan baya da kafaɗu. Gwiwa kullum ta dubi inda yatsun ƙafa suka duba.

3. Tsawon baya ya fi zurfin duƙawa muhimmanci. Da zarar tsatso ya fara ranƙwafawa, an kai iyaka.

4. A bi numfashi. A shaƙa ta hanci, a fitar a hankali. Wanda ya ga yana riƙe numfashi ko yana cije baki, ya wuce gona da iri, sai ya ja baya kaɗan.

5. A bambanta ja da ciwo. Ja mai sauƙi a tsakiyar tsoka shi ake nema. Suka a cikin gaɓa, ko zafi mai harbawa zuwa ƙafa ko hannu, ko mutuwar yatsu, alama ce ta a daina nan take.

6. Kada a yi tsalle-tsalle cikin miƙa, kada kuma wani ya danna mutum. Masana motsa jiki sun ba da shawarar a tsaya daƙiƙa 10 zuwa 30 a kowace miƙa, tsofaffi 30 zuwa 60, a maimaita sau 2 zuwa 4, aƙalla kwana 2 ko 3 a mako. Wanda ba shi da agogo ya ƙirga numfashi 5 zuwa 8.

Kayan aikin duk akwai su a gida: tabarma, da bargo ko zane a ninke, da tubali 2, da rawani ko kallabi ko igiya, da kujera ko turmi a kife, da bango. A zaɓi inuwa da wuri mai daidai. A bari sai abinci ya faɗa, kamar awa 2 bayan an ci.

MOTSI 7 DA GYARANSU

1. Tsayuwar dutse (Tadasana). A tsaya baya na fuskantar bango, dugadugai nesa da shi kamar faɗin tafin hannu, ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu. Mazaunai da gadon baya su taɓa bangon. A bar ɗan fili a tsatso, wanda tafin hannu zai iya shiga. A ɗaga hannuwa ta gaba sannu-sannu. Da an ji haƙarƙari na tasowa, ko filin tsatso na ƙaruwa, sai a tsaya nan. Mai taurin kafaɗa ya buɗe hannuwan kamar ƙahonnin sa, ko ya riƙe rawani tsakaninsu, nisan ya fi faɗin kafaɗu. Idan ƙeya ba ta kai bango ba, kada a ɗage haɓa don ta kai.

2. Miƙar kare a jikin bango. Cikakken motsin ana kiransa Adho Mukha Svanasana: hannuwa da ƙafafu a ƙasa, ƙugu a sama, kamar karen da ya tashi daga barci. Ga mai sandararren jiki yana da nauyi a kan wuyan hannu da kafaɗu. Sai a yi rabinsa. A dafa bango da tafin hannu a saitin ƙirji, a ja baya da ƙafafu, a tura ƙugu baya har hannuwa da baya su zama layi ɗaya. A lanƙwasa gwiwoyi kaɗan. Kunnuwa su tsaya tsakanin damatsa, kada kai ya rataya. Idan kafaɗa na matsewa, a ƙara buɗe hannuwan, a kuma ɗaga su sama kaɗan a jikin bangon.

3. Duƙawa gaba (Uttanasana). A ajiye kujera ko turmi a kife a gaba. A lanƙwasa gwiwoyi, a sa yatsu a matsematsi, wurin da cinya ta haɗu da ciki, a ninke daga nan, mazaunai na tafiya baya. A dafa kujerar, ƙirji a buɗe. Bayan ƴan makonni, idan baya na tsayawa a miƙe, a koma dafa tubali. Wajen tashi a ƙara lanƙwasa gwiwa, a dafa cinyoyi. Wanda ko wannan ke tayar masa da ciwon baya ya kwanta rigingine, ya rataya rawani a tafin ƙafa ɗaya, ya ɗaga ta sama iyakar inda gwiwa ke iya miƙewa, ɗaya ƙafar kuma a lanƙwashe, tafinta a ƙasa.

4. Gurfane da gwiwa ɗaya. Wannan shi ne mai sakin gaban kwankwaso, wurin da zama da duƙo suka fi ƙullewa. A sa gwiwar hagu a kan bargo, ƙafar dama a gaba, gwiwarta a saitin idon sawu. A dafa kujera ko bango. Kafin a matsa gaba, a tsuke mazaunin hagu, a ja mara ciki kaɗan. Sau da yawa tun nan za a ji ja a gaban cinyar hagu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a nutse gaba da yawa a banƙare baya, ja ya ɓace daga cinya ya koma tsatso. A canza ƙafa.

5. Kusurwa uku (Trikonasana). A tsaya baya kusa da bango, a buɗe ƙafafu kamar mita 1, ko ƙasa da haka. A juya ƙafar dama waje gaba ɗaya, ta hagu kuma ciki kaɗan. A duba: ƙoƙon gwiwar dama yana kallon inda yatsu ke kallo? Idan ya faɗa ciki, a bar ƙugun hagu ya ɗan juyo gaba har gwiwar ta daidaita. Kada a tilasta wa ƙugu ya manne da bango. A miƙa jiki zuwa dama, a sauke hannu a kan kujera ko tubali a tsaye. Gefen haƙarƙarin da ke ƙasa ya zauna da tsawonsa, kada ya tattare. Hannun sama, idan kafaɗa ta ƙi, a ɗora shi a ƙugu. A dubi gaba, ba sai an juya wuya sama ba.

6. Zaman baduku (Baddha Konasana). Ana yi masa wannan laƙabi ne don haka masu ɗinkin takalma na Indiya ke zama wajen aiki: tafin ƙafa haɗe da tafin ƙafa, gwiwoyi a buɗe. A zauna a bakin bargo mai kauri, baya a jikin bango. Idan gwiwoyi sun fi ƙugu tsawo da yawa, ko tsatso ya faɗa baya, a ƙara tudun abin zaman. A matsar da dugadugai nesa da jiki har gwiwa ta daina ƙorafi. A sa tubali ko matashi a ƙarƙashin kowace cinya. Kada a danna gwiwoyi da hannu, kada a kaɗa su kamar fukafukai. Zaman furen bado kuwa a bar shi. Madadinsa, a kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗora idon sawun dama a kan cinyar hagu, a kama bayan cinyar hagu da kallabi a jawo ta a hankali. Jan a mazauni za a ji shi. In an ji shi a gwiwa, a sassauta.

7. Hannuwan fuskar saniya (Gomukhasana). A nan hannu ɗaya yana bi ta sama, ɗaya ta ƙasa, su haɗu a tsakiyar baya. Mutane da yawa yatsunsu ba su haɗuwa, kuma wannan ba aibu ba ne. A riƙe kallabi da hannun dama, a ɗaga shi, a lanƙwasa gwiwar hannu, kallabin ya sauka a baya. A kai hannun hagu baya ta ƙasa a kama shi duk inda aka samu. Kai ya tsaya a miƙe, kada damtse ya tura shi gaba. Idan gaban kafaɗar hagu na suka, a sauke hannun zuwa ƙugu.

Daga ƙarshe a kwanta rigingine minti 3 zuwa 5, naɗaɗɗiyar tabarma a ƙarƙashin gwiwoyi, ƙaramin matashi a ƙarƙashin kai idan haɓa na ɗagewa. A tashi ta gefe, a dafa ƙasa.

WAƊANDA YA KAMATA SU GA LIKITA TUKUNA

Ba kowane tauri ne gajiyar aiki ba. A tafi gidan likita ba tare da jinkiri ba idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Ciwon baya tare da zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, ko tari mai daɗewa, ko ƙusumbi da ke fitowa. Tarin fuka yana kama ƙashin baya. Maganinsa na likita ne, kuma jinkiri yana iya kawo shanyewar ƙafafu.

- Ƙafafu sun yi rauni, ko tsakaninsu ya mutu, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa, ko fitsari ya ƙi fita. Wannan na gaggawa ne.

- Ciwon matsematsi da ɗingishi ga mai amosanin jini, watau sikila. Wannan cuta tana iya toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya lalace. Miƙawa da ƙarfi tana ƙara ɓarna.

- Kafaɗar da ta ƙage ta kowane gefe, tana hana barci. An fi ganin haka ga masu shekara 40 zuwa 60, musamman mata da masu ciwon sukari, kuma tana iya kai shekara 1 zuwa 3. A auna sukari.

- Gaɓar da ta kumbura, ta yi zafi, ko ciwon da ya biyo bayan faɗuwa.

Mai juna biyu jijiyoyinta sukan yi laushi, saboda haka kada ta miƙa har iyaka, kada ta kwanta rub da ciki, kuma ta shawarci ungozomar asibiti wajen awo. Masu hawan jini da masu hawan jinin ido su guji duk motsin da ke sa kai ƙasa da ƙirji. Tsayuwa bisa kai ko bisa kafaɗu ba na mai koyo daga hoto ba ne, ko da lafiyarsa lau.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon tsatso, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya. Kusan 9 cikin 10 na masu shi ba a samun wata cuta takamaimai da ta haddasa shi. A watan Disamba 2023 hukumar ta fitar da shawarwari a kan ciwon bayan da ya daɗe, ta sa motsa jiki mai tsari cikin abubuwan da ke taimako. Tun a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka da ake kira ACP ta lissafa yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa kafin ƙwayoyi.

Sai dai kada a zuzuta. Binciken da ya tattara gwaje-gwaje da yawa ya nuna cewa sauƙin da yoga ke kawowa ƙarami ne, kuma bai fi na sauran motsa bayan da aka yi da tsari ba. Waɗansu ma ciwonsu yakan ƙaru idan suka matsa. Yoga ba ta ɗora karaya, ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

DAGA TABARMA ZUWA GONA

Ribar darasin tana bayyana ne a wurin aiki. Wanda ya koyi ninkewa daga kwankwaso gwiwoyi a lanƙwashe, haka zai duƙa wa hauya, haka zai ɗauki buhu, yana jawo shi kusa da jiki, ba ya murɗa baya da kaya a hannu. Mai noma ya riƙa miƙewa a ƙarshen kuyya, ya dafa ƙugu, ya buɗe ƙirji na numfashi 3. Mai daka da mai jan ruwa su riƙa sauya hannun da ke gaba, su sauke kafaɗu daga kunnuwa. Tela da direba su tashi su taka duk bayan awa guda.

Kada a yi gasa da na cikin hoto, don shi ya shekara da shekaru yana yi, wataƙila ma haka aka halicci ƙasusuwansa. Minti 15 sau 3 a mako, wata bayan wata, ya fi awa 2 a rana ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne rani, kafin aiki ya taso, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan darasi tare da ɗalibansu, maza a ajinsu, mata a nasu, kowa ya riƙa duba wa ɗan'uwansa gwiwa da baya, tun da mutum ba ya ganin bayansa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu ita, ya ba mu damina mai albarka, amin.